Kwafa, yanka da ɗinkin DNA: yadda nake koya wa ɗalibai aiki da enzayim a zafin Katsina

Mahaifina tela ne a Ƙofar Marusa, kuma abin da bai taɓa lamunta ba shi ne a taɓa masa almakashi. Ko mahaifiyarmu ba ta isa ta yanki takarda da shi ba. Yau ga ni na wayi gari ina yi wa ɗalibai faɗa a kan wani almakashin da ido ba ya gani, wanda ke kwance cikin ɗigon ruwa a gindin ɗan tub na roba. Duk shekara 'yan ajin ƙarshe masu furojet sukan zo mini da kuka iri ɗaya: “Malam, wallahi na bi takardar kamfani tiryan-tiryan, amma babu abin da ya fito.” Nakan ce musu wanda ya rubuta takardar bai taɓa kwana a Katsina a watan Afrilu ba. Ga yadda nake yin aikin a nan, da abin da nake ƙarawa a kan abin da takarda ta ce.

DNA zare biyu ne da ke murɗe da juna, an rubuta su da haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Kullum A na riƙe da T a ɗaya zaren, G na riƙe da C. Ma'aikata uku muke ɗauka haya a kan wannan zare, dukkansu enzayim ne, wato furotin masu aiwatar da wani aiki, da aka aro daga ƙwayoyin halitta masu rai. Folimares shi ke kwafa. Enzayim masu yanka, irin su EcoRI da BamHI, su ke datsa zaren a inda suka ga kalmar da suka sani. Ligez kuma shi ke ɗinke bakin da aka yanka.

Kafin ka buɗe firiza

Ka tanadi ƙanƙara tukuna. Ba na barin ɗalibi ya taɓa murfin firiza sai na ga kula cike da dakakkiyar ƙanƙara a kan benci. Idan babu wuta kuma ba mu yi tamu ba, na masu sayar da ruwan sanyi ta wadatar, a saka ta a buhu mai tsabta a daka. Enzayim na zama a digiri 20 ƙasa da sifili. Fitowarsa daga firiza zuwa cikin ƙanƙara ne kai tsaye, a ɗebi abin da za a ɗiba, ya koma. Kada ka riƙe tub ɗin ta gindi, zafin yatsunka na isa gare shi. Ka riƙe ta wajen murfi.

Za ka ga ruwan bai daskare ba duk da sanyin. Wata ɗaliba ta taɓa zuwa mini hankali a tashe tana cewa firiza ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Ana ajiye enzayim ne cikin gilisarol kashi 50 cikin ɗari, shi ke hana shi zama dutse, domin daskarewa da narkewa a kai a kai na kashe furotin. Ka riƙe wannan gilisarol ɗin a zuciya, zai sake fitowa idan mun zo yanka.

Abu na biyu, duk abin da ya iso daga nesa ka tuhume shi. Kayanmu daga kudu suke tasowa, su biyo ta Kano. Idan kwali ya iso ka taɓa ƙanƙarar cikinsa ka ji ta zama ruwan ɗumi, kada ka zuba samfurinka mai daraja a kai. Gwada shi tukuna a kan DNA da ka riga ka san yadda take yankuwa. Haka ma idan firiza ta kwana biyu babu wuta a ƙarshen mako. Mun taɓa yin asarar wata guda muna zargin ɗalibi da sakaci, ashe enzayim ɗin ne ya mutu tun ranar wata Asabar da janareta ya tsaya ba wanda ya sani. Tun daga lokacin nake cika gorunan roba da ruwa in jera su a kowane lungu na firiza, su daskare su riƙe sanyi, kuma na hana a buɗe ta idan an ɗauke wuta.

Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Rufe taga, goge benci da barasar gwaji mai kashi 70, sa safar hannu, kuma kowace ɗiba da sabon bakin fifet, wato na'urar ɗibar ɗigon ruwa.

Kwafa

Da kwafa ake farawa, don DNA ɗin da ka ciro daga jini ko ganye ba ta da yawan da za ka ga ƙwayar gadon da kake nema. Hanyar ita ce PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, ya samu kyautar Nobel a kanta a 1993. Folimares kuwa an san shi tun 1956, lokacin da Arthur Kornberg ya ciro shi daga bakteriyar E. coli. Matsalar farko ita ce, sai an dafa DNA kusan tafasa kafin zaren biyu su rabu, kuma wannan zafin na kashe folimares ɗin E. coli. Masu aikin farko sai su tsaya a kai suna ƙara sabon enzayim a kowane zagaye. Abin da ya raba su da wannan wahala wata bakteriya ce, Thermus aquaticus, da Thomas Brock da ɗalibinsa suka gano a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka. Folimares ɗinta, Taq, ya saba da zafi tun daga gida. A cikin ma'aikatan nan uku shi kaɗai ne ba na jin tsoron bazara a kansa sosai, ko da yake shi ma a ƙanƙara nake ajiye shi.

Ga haɗin maikirolita 25 (maikirolita dubu ne mililita ɗaya). Idan kana da haɗaɗɗen ruwan kamfani mai ƙarfi ninki biyu, wanda ya riga ya ƙunshi Taq da bafa (ruwan gishirin da enzayim ke aiki a cikinsa) da maganiziyam da tubalan haruffan nan huɗu, ɗebi 12.5. Ƙara 0.5 na firama ta gaba da 0.5 na ta baya, kowace mai ƙarfin maikiromola 10. Firama gajerun zaruruwa ne masu haruffa kamar 20 da ke nuna wa folimares inda zai fara, domin shi ba ya iya soma rubutu a kan farar takarda, sai dai ya ɗora a kan wanda aka fara masa. Sai DNA ɗinka maikirolita 1 ko 2, ka cike sauran da tsarkakakken ruwa.

Idan samfuri goma ne da kai, kada ka auna 0.5 sau goma, hannunka zai yi ƙarya. Haɗa na sha biyu a tub guda ba tare da DNA ba, ka rarraba, sannan ka sa wa kowane tasa DNA. Ɗaya daga ciki ka sa masa ruwa zalla a madadin DNA. Wannan nake kira tub ɗin shaida. Idan layi ya fito daga gare shi a jel, wato daskararren ruwan da ake rarrabe DNA a cikinsa bisa tsawonta, kowane tsawo ya fito a layinsa, wani abu ya gurɓata kayanka, kuma duk sauran sakamakon ya zama abin zubarwa, komai kyansa.

A injin PCR: digiri 95 na minti 3 da farko. Sai zagaye 30 zuwa 35, kowane da matakai uku: 95 na daƙiƙa 30 don zaren su rabu, wajen 55 na daƙiƙa 30 don firama su kama, 72 don Taq ya yi rubutu. Yana rubuta haruffa kamar dubu a minti guda, don haka ka lissafa lokacin da tsawon yankinka. A ƙarshe 72 na minti 5. Matakin tsakiya ne ke bukatar wasa da shi. Idan ka ga layuka barkatai a jel, ɗaga zafin da digiri biyu. Idan ba ka ga komai ba, sauke shi. Kowane zagaye na ninka kwafi biyu, don haka a lissafi zagaye 30 na mai da kwafi ɗaya ya haura biliyan.

Kada ka tayar da injin a kan wutar gari. Aikin na cin awa biyu ko kusa da haka, kuma idan aka ɗauke a zagaye na 12, ka koma farko. Ka jira janareta ko ka jona a inbata.

Taq yana da aibi guda: ba ya duba abin da ya rubuta, idan ya yi kuskuren harafi sai ya wuce abinsa. Don ganin layi a jel wannan ba komai ba ne. Amma idan za ka dasa ƙwayar gadon a bakteriya don ta yi furotin, nemi folimares mai gyara kuskurensa, irin Pfu. Ya fi tsada, ya fi nawa, amma harafi ɗaya na iya canza komai, kamar yadda za ka gani yanzu.

Yanka

Bakteriya ce ta ƙera wannan almakashi don kare kanta daga bairos da ke shigar mata. Takan yi wa tata DNA alama da wani ɗan sinadari don kada a yanke ta, duk baƙuwar da ta shigo babu alamar sai a daddatsa ta. Werner Arber da Hamilton Smith da Daniel Nathans ne suka raba kyautar Nobel ta 1978 a kan gano wannan da amfani da shi. Sunayen ma daga bakteriyar aka ɗauko: EcoRI daga E. coli, BamHI daga Bacillus amyloliquefaciens, HindIII daga Haemophilus influenzae.

Kowane yana da kalmarsa. EcoRI na neman GAATTC, BamHI na neman GGATCC, HindIII na neman AAGCTT. Rubuta abokin zaren GAATTC a ƙasansa ka karanta shi daga ɗaya ɓangaren, za ka ga GAATTC ce dai ta sake fitowa. EcoRI na yanka tsakanin G da A a kowane zare, don haka yankan ba ya zuwa a miƙe, sai ya bar haruffa huɗu, AATT, suna reto a kowane baki kamar haƙoran zif. Duk wani yanki da EcoRI ya yanka, ko na mutum ne ko na gero, haƙoransa za su shiga na ɗan'uwansa. Wasu kuma, irin EcoRV da SmaI, a miƙe suke datsewa, baki ya fito a dunƙule babu haƙori. Kalma mai haruffa shida na faɗowa kamar sau ɗaya a cikin haruffa 4,096, mai huɗu kuma sau ɗaya a 256, shi ya sa masu gajeriyar kalma ke yi wa DNA gunduwa-gunduwa.

Haɗin maikirolita 20 ne. Ruwa ka fara zubawa, sai bafa mai ƙarfi ninki goma maikirolita 2, sai DNA kamar maikirogiram 1, enzayim a ƙarshe, 0.5 zuwa 1. Bafar da ta zo da shi za ka yi amfani da ita, ba wadda ka tsinta a firiza ba. Gauraya a hankali da bakin fifet, kada ka sa shi a na'urar girgiza. Digiri 37 na awa ɗaya. SmaI ne ɗan gata, 25 yake so.

Ɗalibai na da wata ɗabi'a ta masu miya: idan ana son daɗi a ƙara magi. A nan ba haka ba ne. Kada enzayim ya wuce kashi ɗaya cikin goma na dukkan haɗin. Idan ya wuce, gilisarol ɗin nan ya yi yawa, sai enzayim ya rikice ya fara yanka kalmomin da suka yi kama da tasa kawai. EcoRI ya yi suna a wannan. Za ka ga layuka sun fi waɗanda ka lissafa, ka ɗauka ka gano sabon abu. Bayan awar ta cika, ana kashe EcoRI da digiri 65 na minti 20. BamHI ba ya mutuwa da wannan, sai an wanke DNA an raba su.

Misalin da na fi son koyarwa da shi na gida ne, wato sikila. Babu unguwar da ba ta san wahalar amosanin jini ba. Duk ciwon nan daga harafi ɗaya yake a ƙwayar gadon beta-gulobin, wani furotin na jan jini: inda ya kamata a karanta GAG sai aka samu GTG. A mai lafiya wurin na karantuwa CCTGAGGAG, a mai sikila CCTGTGGAG. Akwai enzayim mai suna DdeI da ke neman C, T, kowane harafi, A, G. A zaren mai lafiya yana samun CTGAG ya yanka. A na sikila sai ya tarar da CTGTG, ya wuce bai gane wurin ba. Takardar farko da aka wallafa kan PCR a 1985 ma a kan gano sikila aka yi ta.

To ka kwafo yankin da PCR, ka ɗebi maikirolita 10 ka yanka da DdeI, ka zuba a jel ɗin agaros mai kauri, kashi 2 ko 3 cikin ɗari, tunda gutsattsarin ƙanana ne. DNA na gudu zuwa ɓangaren jan waya, ƙanana a gaba, manya a baya. Mai AA zai ba ka layukan gajerun gutsattsari, an yanke duka. Mai SS zai bar layin dogon yanki da bai yanku ba. Mai AS zai nuna duka biyun. Idan rinin da kuke amfani da shi etidiyam buromaid ne, safar hannu dole, kuma kada ka kalli hasken UV da ido tsirara.

Yanzu ka yi tunanin enzayim ɗin da ya sha zafi a hanyar Kano, rabinsa ya mutu. Zai yanka wasu zaruruwan ya bar wasu, sai mai AA ya fito maka kamar AS. Idan ya mutu gaba ɗaya, kowa ya zama SS. Shi ya sa ba na karɓar hoton jel da babu samfurin AA sananne a gefe, wanda dole a ga ya yanku tas, da kuma wanda ba a sa wa enzayim ba sam. Sannan DdeI ba ya ganin nau'in C, wani canjin daban a wannan ƙwayar gadon. A can harafin ya koma AAG ne, wurin ya zama CTAAG, kalmar enzayim ɗin ba ta ɓaci ba, don haka mai AC zai fito kamar AA. Wani yaro ya taɓa ce mini, “Malam, in kawo jinin wadda zan aura mu duba?” Na ce masa ya kai ta asibiti a yi musu gwajin jini na ƙa'ida. Bencin ɗalibai wurin koyo ne, ba a yanke maganar aure a kansa.

Ɗinki

Nan ne aka fi kuka. Manufar ita ce ka ɗauki yankin da ka kwafo ka dasa shi cikin filasmid, wato ƙaramin zoben DNA da bakteriya ke ɗauka ta riƙa haifarwa tare da kanta. Stanley Cohen da Herbert Boyer ne suka nuna haka a 1973, kuma ta wannan hanya aka samu insulin ɗin ɗan Adam da bakteriya ke yi, wanda ya shiga kasuwa a 1982. Masu ciwon suga da ke allura a garin nan suna cin moriyar wannan ɗinki ko ba su sani ba.

Shiri tun daga firama yake farawa. Ka sa kalmar enzayim a gindin kowace firama, ka ƙara haruffa huɗu zuwa shida a bayanta, don almakashin ba ya kama abin da ke can bakin gefe, kamar yadda tela ke barin rara a gefen yadi. Bayan PCR ka wanke samfurin kafin ka yanka, in ba haka ba folimares ɗin da ya rage zai cike haƙoran da ka buɗe. Kuma in da hali yi amfani da enzayim biyu daban, misali EcoRI a wannan baki, BamHI a wancan. Da guda ɗaya, zoben zai iya rufe kansa ba tare da ya ɗauki komai ba, ko yankin ya shiga a juye. Idan dole guda ɗaya ne, sa wa filasmid ɗin enzayim fosfatez ya cire masa fosfet na baki, sai ya kasa rufuwa shi kaɗai.

Ligez ɗin da kowa ke amfani da shi na bairos ɗin T4 ne. Haƙoran zif na kama juna da kansu amma riƙon ba ƙarfi, ligez ne ke zuwa ya ɗinke kashin bayan zaren. Yana bukatar ATP, sinadarin da ke ba shi ƙarfin aiki, kuma ATP ɗin a cikin bafarsa yake. Wannan bafa ita ce ta fi komai saurin lalacewa a firizarmu, don duk narkewa da daskarewa na cin ATP. Ranar da ta iso nake rarraba ta a ƙananan tub, maikirolita goma-goma, kowane a yi amfani da shi sau ɗaya. Idan ka narkar ka ga farin gari a gindi, murza tub ɗin a tafin hannu har ya narke kafin ka ɗiba.

Ana so yankin da za a dasa ya ninka filasmid sau uku a yawan ƙwayoyi, ba a nauyi ba. Ɗauki filasmid mai haruffa 3,000, nanogiram 50, da yanki mai haruffa 1,000. Tunda yankin sulusin filasmid ne a tsawo, wajen nanogiram 17 ne zai ba ka ɗaya da ɗaya, ninki uku kuma 50. Sai bafa 2, ligez 1, ruwa ya cike 20.

Takarda za ta ce ka bar shi minti 10 a “zafin ɗaki”. Ɗakin da suke nufi digiri 20 zuwa 25 ne. Namu ɗakin da azahar a bazara, idan na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki, yana kusantar 40. A wannan zafi haƙora huɗu ba sa iya riƙe juna, ligez ɗin ma da kansa yana saurin gajiya. Ko dai ka sa shi a injin PCR a digiri 16 ya kwana, idan inbata za ta kai safe, ko ka sa a firij ya kwana. Abin da na fi yi shi ne filas ɗin shayi: in cika shi da ruwa, in jefa 'yar ƙanƙara har ma'aunin zafi ya nuna 10 ko 12, in soka tub ɗin a guntun soso ya yi iyo a sama, in rufe bayan la'asar. Ruwan zai riƙa ɗumama a hankali cikin dare, ya ratsa ta inda ligez ke so. Masu baki a dunƙule sun fi wuyar ɗinkuwa, su kam kwanan ya zama dole.

Da safe ka haɗa maikirolita 2 zuwa 5 da E. coli da aka shirya don karɓar DNA, minti 30 a ƙanƙara, daƙiƙa 45 a digiri 42, a koma ƙanƙara. Ba su ruwan abinci su farfaɗo na awa ɗaya a 37, sannan ka shafa a faranti mai maganin da filasmid ɗinka ke ba da kariya daga gare shi, galibi amfisilin. Faranti uku nake so in gani. Na farko da cikakken haɗin. Na biyu filasmid da aka yanka da ligez amma babu yanki. Na uku filasmid da ba a taɓa yankawa ba. Washegari, idan na uku fayau yake, bakteriyarka ce ba ta karɓa ba, ka bar zargin ligez. Idan na biyu ya cika kamar na farko, zoben ne ya rufe kansa ko bai yanku ba tun farko. Idan na farko ya fi na biyu nesa ba kusa ba, tsinci biyar ko shida daga cikin ɗigon bakteriyar da suka tsiro a kansa, ka raine su, ka ciro filasmid, ka sake yankawa da EcoRI da BamHI ɗin nan dai. Layi biyu za ka nema a jel, ɗaya a 3,000, ɗaya a 1,000. Ka ɗauki hoton nan take kafin a ɗauke wuta, ka rubuta kwanan wata da lambar tub a littafinka.